Dutsen Cikin Kalandar Kawu

A shagon Kawu da ke kasuwar Kwari akwai wata kalanda da ta daɗe da daina nuna kwanan wata. Wani ɗan China mai sayar masa da kaya ne ya ba shi ita tun farkon zuwansa Guangzhou. Takardun watannin duk an yage su, hoton kawai ya rage: dutse fari fat da dusar ƙanƙara, ga tafki shuɗi a gindinsa. Kawu yayan Ummata ne, kuma mutum ne da ba ya son a tambaye shi abu ya ce bai sani ba. Wata rana wani mai sayen kaya ya nuna hoton ya ce, "Alhaji, ka je nan kuwa?" Kawu ya ce, "Na je mana." Shi ke nan, magana ta fita. Kafin in girma labarin ya yi rassa, har sanyin wurin yakan kwatanta wa mutane yana karkaɗa kafaɗa.

Ni na san gaskiya, domin ni ne tafintansa. Karatu ne ya kawo ni Guangzhou, da na gama sai na zauna ina yi wa 'yan kasuwarmu aikin lodin kwantena a tashar jiragen ruwa ta Huangpu. Fiye da shekara ashirin Kawu yana zuwa China, amma Chinarsa ba ta wuce benen kasuwar tufafi ta Baima da otal da masallaci da gidan abincin da ake yin tuwo ba. Ƙanƙarar da ya taɓa gani ita ce ta cikin firiza.

Zuwansa na ƙarshe ya faɗo a watan Afrilu, lokacin da bangon ɗakina a unguwar Panyu yake gumi saboda damshi, wanki ya kwana uku a igiya bai bushe ba. Ya riga ya miƙa wa babban ɗansa harkar, shi ya zo ne ya yi sallama da mutanen da ya daɗe yana hulɗa da su. Muna cikin cin abinci a ɗakina sai ya ajiye cokali, ya ciro waya, ya nuna mini hoton kalandar.

"Kai ni nan," ya ce.

Na yi dariya, na ga shi bai yi ba.

"Shekara nawa ina faɗa wa mutane na je. Na yi istigfari, amma abin yana nan a maƙoshina. Ko dai in je in gani da idona, ko in tsaya a tsakiyar kasuwa in ce ƙarya na yi. Ka kuwa san wanda ba zan iya ba."

Na ce, "To, Kawu."

Da waɗannan kalmomi biyu na tashi. Ya ce in karanci kasuwanci, na ce to. Ya ce in aske sumar da na tara a shekarar farko ta jami'a, na ce to. Ba tsoro ba ne kawai. Shi ya tsaya mana bayan rasuwar mahaifina, kuma a gidanmu yaro ba ya musu da babba. In ma kana da ja, sai ka zagaya ka biyo ta bayan gida.

Neman dutsen bai yi wuya ba. Tun ina ɗalibi nake bin wasu abokan karatuna masu hawan duwatsu, har na taɓa zama ajin kwana biyu kan yadda dusar ƙanƙara ke zaftarewa ta binne mutane. Ɗaya daga cikinsu yana ganin hoton ya gane shi. Ya ce a yammacin lardin Sichuan ne, kuma daga wata mashiga tsakanin duwatsu biyu ake ɗaukarsa, tafiyar safiya guda daga ƙauyen ƙarshe. Ya haɗa ni da wani jagora ɗan ƙauyen, ya kuma ja mini kunne cewa a wannan watan ne dusar ke narkewa, mu saurari mutumin.

Ana gobe za mu tashi Umma ta kira ni. Ba ta yi dogon bayani ba. Ta ce, "Yayana ne, shi kaɗai ya rage mini. Yadda ka ɗauke shi, haka za ka dawo mini da shi." Ita ma na ce mata to. Ban lura ba a lokacin cewa na yi alkawari biyu da za su iya karo da juna.

Jirgi ya kai mu rabin hanya, mota ta ƙarasa da mu, tana ta hawa har kunnuwana suka toshe. Muka sauka a wani ƙaramin masauki na katako gab da magariba. Jagoran ya zo ya same mu: dattijo gajere, rana ta ƙona masa kumatu, ba mai yawan magana ba. Ya ajiye mana kaya a tebur, shebur, da sanda mai lanƙwashewa da ake lalube da ita, da wata 'yar na'ura da ake ɗaurawa a ƙirji don a gano inda mutum yake idan dusa ta rufe shi. Sannan ya yi bayani dalla-dalla. Da dare sanyi yana daskarar da saman dusar ta yi tauri, ta ɗauki nauyin mutum. Da rana ta hau sai ta jiƙa ta, ruwa ya shiga ƙarƙashinta, ta yi nauyi, ta saki dutsen ta gangaro. Akwai gangare guda mai faɗi da dole mu ratsa kafin mashigar, kuma gabas yake kallo, shi rana ke fara duka. Don haka ƙarfe biyar da rabi za mu fita, mu ƙetare mu dawo kafin ƙarfe goma da rabi. Ya ce wanda ya makara a wannan gangare yana iya mutuwa.

A nan na yi kuskurena na farko. Na juya wa Kawu maganar da Hausar da ake yi wa manya. Na ce, "Kawu, ya ce zai fi kyau mu yi sammako, saboda hanyar ta fi daɗi da safe." Mutuwar na haɗiye ta, don ban iya kallon idon dattijo in ambata masa ita ba.

Kawu ya gyara zama kamar yadda yake yi a Baima idan an faɗi farashin farko. Shi a duniyarsa babu maganar ɗan China da ba a yi mata tayi.

"Ka ce masa ƙarfe tara."

Jagoran ya girgiza kai ya ce, "Meyo." Wato babu.

"Haba lawban," in ji Kawu, yana dafa masa kafaɗa. Lawban maigida ne da Chinanci. Chinancinsa duk bai wuce kalma biyar ba, amma yana ji da shi. "Takwas da rabi. Na rage." Ya juyo gare ni. "Na san meyo ɗin mutanen nan. Meyo na farko gaisuwa ce."

Da asuba muka yi sallah tare a ɗakinsa, da ruwan ɗumi daga fulas. Na riga na ɗaura takalmina. Muna shafa addu'a Kawu ya koma cikin bargo ya ja shi har wuya.

"Kawu, mutumin yana waje."

"Wane mai hankali ne yake fita a cikin wannan sanyin? Hannuna ma ba na jin sa. Bari hantsi ya dubi ludayi, jiki ya saki, sai mu tafi."

Abin da ya fi ba ni haushi har yau shi ne jikina ya yarda da shi. Mu a wajenmu, lokacin sanyi rana magani ce. Tsofaffi su shimfiɗa tabarma a jikin katanga su sha hantsi, yara a hana su wanka sai ta ɗaga. Ban taɓa jin wanda jiran rana ya cutar ba. Kaina ya san abin da aka koya mini a aji, amma ƙashina na Kano ne. Na ce, "To, Kawu," na kunce takalmi, na haɗa mana shayi, na ciro kilishi. Ta taga ina hango jagoran tsaye a tsakar gida, yana kallon sama yana kallon agogo. Da na fita ba shi haƙuri, ya ce zai raka mu har bakin gangaren, a can dusar za ta faɗi nata. Tara saura muka fita.

Ba zan manta da farkon tafiyar ba. Muna cikin inuwar kwari, tsakanin bishiyoyi, muka taka dusar farko. Tana da tauri, tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi. Kawu ya tsaya cak. Ya cire safar hannu, ya sunkuya duk da ciwon gwiwar da yake fama da shi, ya kankaro kaɗan ya sa a harshe.

"Allahu Akbar," ya ce a hankali. "Ashe da gaske ne."

Na ji daɗi har idona ya kawo ruwa. Na ce a raina ko me za a yi sai na kai mutumin nan mashigar. A jakarsa akwai babbar riga fara da hula, ya sa an goge su tun a Guangzhou, don da su yake son a ɗauke shi hoto a wurin.

Amma tudu ba ya sanin girman mutum. Iskar wurin ba ta cika ƙirji, Kawu ya yi taku ashirin ya tsaya ya dogara da sanda. Bai yi ƙorafi ko sau ɗaya ba, sai dai ya ce yana kallon ikon Allah ne. Rana ta leƙo ta kan dutse, ta sauko mana. Muka cire manyan riguna. Ƙarar takalminmu ta canza, ta koma caɓal-caɓal. Da farko dusar iya tafin ƙafa take nutsewa, sai ta kai idon sawu, sai ta fara shiga cikin takalmi. Ina jin ruwa yana gudu a ƙarƙashinmu ba na ganin sa.

"Ka gani ko?" in ji Kawu, yana share gumi. "Yanzu gari ya yi daɗi. Da mun bi ta mutumin nan da tuni mun sandare."

Sha biyu ta gota muka fito daga bishiyoyin ƙarshe, muka tsaya a kan wani doron dutse. Ga gangaren a gabanmu, fari, mai faɗi, yana ƙyalli har ido ba ya iya kallo. Sama da shi baƙaƙen duwatsu suna ɗigar da ruwa. Sawun waɗanda suka ratsa da sassafe yana nan kamar zare, ya miƙe har ɗaya gefen. A can kuwa ga mashigar, ga tsummokaran addu'ar mutanen wurin masu launi-launi suna kaɗawa a iska. Jagoran ya ce tafiyar minti arba'in ce. Tafkin yana bayan wannan mashiga, ba a ganin sa daga inda muke.

Jagoran ya taka ƙafa ɗaya a gefen dusar, ta shige har gwiwa. Ya damƙo dusar ya matse, ruwa ya zubo ta tsakanin yatsunsa. Ya cura ƙaramin dunƙule ya jefa a gangaren. Dunƙulen ya gangara yana naɗe dusa, yana girma, ya koma kamar gammo, ya ja wasu suka biyo shi. Na duba sama, na ga irinsu da yawa da suka gangaro da kansu daga gindin duwatsun. Duk alamomin da aka lissafa mana a aji ga su a jere.

Jagoran ya sauke jakarsa ya zauna a kan dutse. "Meyo," ya ce.

Kawu ya yi dariya. "An fara. Lawban, ga shi can fa, ina ganin sa!"

Jagoran bai kalle shi ba, ni ya kalla. Ya ce, "Jiya ba ka faɗa masa abin da na ce ba. Na gani a fuskarsa. Yanzu ka faɗa masa daidai. Jiƙaƙƙiyar dusa nauyi gare ta, idan ta kama ƙafar mutum ba ya fita. Na'urar da ke ƙirjinsa tana taimaka mana mu nemo shi, ba ta hana a binne shi. Ni ba zan taka ba."

Kunya ta kama ni, don gaskiya ya faɗa. Na juya na faɗa wa Kawu kalma da kalma, har da mutuwar da na ɓoye jiya, har da cewa ni na ɓoye ta. Na ce mun makara, kuma makarar ce ta rufe hanyar.

Kawu ya daɗe yana kallon mashigar. Sannan ya gyara igiyar jakarsa.

"Ga sawun mutane nan, sun wuce lafiya."

"Da asuba suka wuce, Kawu, tana daskare."

"Idan kwanana ya ƙare, ko a kan gadona ne zan tafi. Ku zauna ku huta. Ni na zo."

Ya ɗaga sanda ya nufi sawun. Ban yi shawara da kaina ba. Na sha gabansa a daidai inda dutsen ya ƙare dusar ta fara, na zube a kan gwiwoyina kamar mai gaisuwa, na kama ƙafarsa da hannu biyu. Gwiwoyina suka lume cikin ruwan sanyi.

"Mene ne haka? Tashi."

"A'a, Kawu."

Ban taɓa jin wannan kalma ta fito daga bakina zuwa gare shi ba. Shi ma bai taɓa ji ba. Ya dube ni kamar bai san ni ba.

"Ni kake riƙe wa ƙafa? Ni? A gaban baƙo?"

"Ka yi mini duk abin da za ka yi. Ka zage ni, ka doke ni da sandar nan. Amma sai dai ka taka ni ka wuce. Na yi wa Umma alkawari."

"Ni fa? Ni ba ka yi mini ba?"

Wannan ta shige ni. Na ƙara ƙanƙame ƙafar. Ya fizga, na riƙe. Ya ƙara fizga, ya kusa faɗuwa, na riƙe. Ina kuka, amma ba na tausayi ba ne, haushi nake ji: haushinsa, haushin bargon nan, haushin shayin da na zauna na sha, haushin kowane "to" da na ce tun jiya. Na yanke a raina cewa ko zai daina yi mini magana har abada, da ƙafarsa zai sauka daga dutsen nan.

Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Ƙafafuna dai sun daina jin komai. Daga ƙarshe na ji ƙafarsa ta saki. Ya ce, "Cika ni," da wata murya ƙasa-ƙasa. Na cika shi. Ya juya ya kama hanyar gangarawa, bai ƙara waiwayar mashigar ba. A hanya na roƙe shi ya sa babbar rigar in ɗauke shi hoto a cikin dusar, ko banza ya zo ya taka ta. Bai ko kalle ni ba.

Daga ƙofar masauki ana hango gangaren can nesa. Da la'asar Kawu ya tsaya ya nuna mini shi da sanda. Yana nan fari, lafiya lau, ko ɓalli babu.

"Ga dutsenka can," ya ce. "Bai faɗo ba."

Na so mu sake gwadawa washegari, da asuba ta gaskiya. Amma gajimare ya rufe sama tun yamma, garin ya kwana da ɗumi, jagoran ya ce dusar ba ta daskare ba, kuma ba za ta daskare ba sai bayan kwanaki. Kan Kawu yana sara, jirginsa na komawa gida saura kwana uku. Muka sauko.

Daga dutsen har Guangzhou bai ce mini komai ba in ban da amsa sallama. Ranar da zai yi bankwana da mutanensa a Baima, sai ya nemi wani ɗan Nijar ya yi masa tafinta, ni ina zaune a Panyu ina kallon bango yana gumi. Wannan ta yi mini ciwo fiye da zagi. A filin jirgi na durƙusa na yi masa Allah ya kiyaye hanya, ya ce, "Madalla," ya wuce. Kwana biyu bayan nan Umma ta kira ta ce ya iso lafiya, ta sa mini albarka. Ba ta san komai ba, ni ma ban faɗa mata ba.

Lambar jagoran tana wayata har yau. Sau da yawa na ɗauko ta don in tambaye shi ko gangaren ya zaftare bayan tafiyarmu, sai in ajiye. Na gane cewa so nake a ce ya faɗo don in sami abin nuna wa Kawu, kuma wannan ba buri ne mai kyau ba. Ko ya faɗo ko bai faɗo ba, abin da muka gani a tsakar ranar nan ya isa a juya. Da za a mayar da ni wurin, ƙafar zan sake kamawa. Abin da kawai zan canza shi ne, da tun asuba zan yaye bargon.

Sai bayan shekara na je gida. Na daɗe ina zagaya Kwari kafin in iya shiga layinsu. Ɗansa ne a cikin shagon, shi kuma Kawu yana kan benci a bakin ƙofa da carbi. Kalandar tana nan inda take. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa ba yabo ba fallasa, na koma gefe na tsaya.

Ana haka wani mutum da ke jiran a ɗaure masa kaya ya ɗaga kai ya ga hoton.

"Alhaji, an ce ka je wurin nan ko?"

Na sunkuyar da kai. Maƙwabtan shago biyu suna zaune, mutanen da suka sha jin labarin tun ina yaro.

"Ban je ba," in ji Kawu. "Duk wanda na ce wa na je, ƙarya na yi masa, ya yafe ni. Na dai kusa. Saura tafiyar minti arba'in." Ya nuna ni da carbin. "Ga wanda ya riƙe mini ƙafa nan, ɗan ƙanwata. Da ƙarfinsa kuwa."

Ya matsa gefe a kan bencin, ya share wurin da tafin hannunsa.

"Zauna mana," ya ce. "Ka tsaya mini a ka."